Jirgin da Alidu Ya Zaɓa a Yeji

Alabar, Kumasi.

Zuwa ga Yaya Sherif,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya kare ku daga sanyin Jamus, ya sa albarka a nemanka. Mu nan gida lafiya, sai godiyar Allah. Ƙafar Mma ta yi sauƙi, har tana takawa da sandarta zuwa bakin titi ta sayo koko da kanta. Yara suna makaranta. Maigidana Abdul-Latif yana nan a kan kekensa na ɗinki, tumbinsa kullum ƙara gaba yake yi. Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Dalilin shi ne in muna waya kai ne mai magana, ni ce mai cewa to, kafin in kai ga abin da ke raina sai ka ce lokacin aiki ya yi. Ita takarda ba ka da yadda za ka katse ta.

Maganar ɗan'uwanmu Alidu ce, da jirgin ruwa mai inji da Baba ya bar mana a Yeji, can bakin tafki. Ka ce za ka aiko masa da sabon inji ya koma ɗaukar fasinja, ka ce sayar da jirgin Baba don a sayi kwalekwale mai ƙyalle, irin wanda iska ke turawa, komawa baya ne da abin kunya. Ban ga laifinka ba, domin akwai abin da muka rufe maka don kada hankalinka ya tashi a ƙasar mutane. Yanzu rufewar ta fi faɗar illa.

Ka san ƙaninmu Garuba ya rasu a daminar bara, yana dawowa daga Makango a jirgin wasu, jirgin ya hau kan kututturen itacen da ke ƙarƙashin tafki ya kife, har yau ba a ga gawarsa ba. Abin da ba ka sani ba ya faru ne ranar addu'ar arba'in. Wata mai sayar da busasshen kifi, cikin waɗanda suka tsira, ta biyo mota tun daga Yeji don ta yi mana gaisuwa. Baiwar Allah da zuciya ɗaya ta zo. Ta zauna a tsakar gida ta ce ita da Garuba reshe ɗaya suka riƙe, ana ruwan sama, sai suka hango jirgi mai shuɗin fenti yana wucewa ba nisa. Garuba ya gane shi, ya ce mata ta kwantar da hankalinta, jirgin yayansa ne. Ya yi ta kiran sunan Alidu har muryarsa ta dushe, jirgin bai juyo ba. Ita a ganinta daɗi za mu ji, cewa da sunan ɗan'uwansa a baki ya tafi. Ba ta san mutumin da ke zaune a bakin ƙofa yana miƙa wa baƙi ruwa shi ne Alidun ba.

Yaya, Alidu bai ji komai ba a ranar. Yana baya a gindin inji, buhunan gawayi sun tare masa gani, ga ruwan sama, ga ƙarar da ya shekara ashirin yana zaune a cikinta. Malamai sun gaya masa kwana ne ya ƙare, shi ma ya sani, amma sanin bai hana shi lalacewa ba. Mma ta ce ba ɗanta da zai sake taka bakin tafkin nan tana raye, ta sa aka kwaso kayansa da matarsa Zaratu zuwa Kumasi. Tun daga nan yake ɗaki. In maƙwabta suka tada injin niƙa sai ya toshe kunne ya juya fuska bango. Mun nema masa rumfa a kasuwa, ya je sau biyu bai koma ba. Mutumin da ka sani da cin tuwon mutum uku yanzu sai Zaratu ta yi kuka kafin ya kai loma bakinsa. Wallahi tsoro nake ji kada mu rasa shi kamar yadda muka rasa Garuba, shi kuma a kan katifa, muna kallo.

Bayan ƙaramar sallah ne ya fara magana. Ya ce shi ba abin da ya iya a duniya sai ruwa, amma hannunsa ba zai sake jan igiyar inji ba. Ya ce shekara da shekaru yana wuce masuntan nan masu ɗinka buhunan fulawa su ɗaura a sanda, yana yi musu dariya, yana girgiza su da igiyar ruwan da jirginsa ke tayarwa, ashe su ne ke jin abin da ke faruwa a tafkin. Ya ce irin jirginsu yake so. Mma ta ƙi. Da ƙyar ta yarda ya je Yeji ya duba jirage kawai, da sharaɗin Abdul-Latif ya bi shi ya dawo mata da shi.

Abdul-Latif ne ya ba mu labarin tafiyar. An fara nuna musu wani sabo, siriri, dogo, mai shi yana ta yabon gudunsa, wai in iska ta kama shi ko mai inji sai ya yi da gaske. Alidu ya shafa shi ya wuce. Wani kuma babba ne mai dogon gefe, wanda zai ɗauki kaya da yawa, shi Abdul-Latif ya so, don a nan riba take. Alidu ya shiga, ya durƙusa, ya miƙa hannu waje, hannun bai kai ruwa ba, ya fito. Can ƙarshen gaɓa suka iske na wani tsohon masunci da ya gaji da aiki. Jirgin ba sabo ba ne, faffaɗa ne, gefensa gajere, ba shi da gudu, ƙyallensa ma ya yage. Alidu ya tura shi inda ruwa ya kai ƙirji, ya hau, ya ce wa Abdul-Latif ya shiga ruwan. Ka san mutumin naka, ko kwatar Alabar ba ya tsallakewa sai da addu'a. Ya shiga da wandonsa yana salati. Alidu ya kama shi ta hammata, shi kaɗai, ya jawo shi cikin jirgi, jirgin ya karkata amma bai sha ruwa ba. Masunta suna ta dariya a gaɓa. Abdul-Latif ya ce shi ma ya buɗe baki zai yi, sai ya ga fuskar Alidu babu wasa, ya fasa.

"Wannan nake so," in ji Alidu. "In an kira zan ji, in na je zan iya ɗauka."

Tsohon ya yi alkawarin ajiye masa jirgin zuwa babbar sallah, kuma zai riƙa fita da shi har ya koya, domin aikin daban ne. Inji inda ka nuna masa yake zuwa. Ƙyalle kuwa sai ka jira iska, ka bi ta gefe-gefe, wata rana ka wuni ba ka je ko'ina ba. Ba zai ɗauki fasinja ba, kifi da doya zai riƙa kaiwa tsakanin ƙauyukan kusa. Abin da zai samu ba zai kai na da ba, wannan ba na ɓoye maka.

Da suka dawo, Abdul-Latif ya zayyana wa Mma komai, har da jiƙaƙƙen wandonsa. Ba ta yi dariya ba. Bayan la'asar ta sa na jawo akwatinta na ƙarƙashin gado. Ka tuna farin yadin da ta zo da shi daga Makka, wanda ta wanke da zamzam ta ajiye don likkafaninta? Ranar da labarin Garuba ya zo ta fito da shi ta ce a sa masa, ita Allah zai ba ta wani. Kwana da kwanaki yana kan tabarma ana jiran gawa, har ta naɗe shi ta mayar. Shi ta ɗauko ta ɗora a cinyar Abdul-Latif. Ya ce mata yana jin nauyin sa masa almakashi. Ta ce ta riga ta tambayi liman, ya ce yadi ne kamar kowane yadi tunda bai rufe kowa ba.

"Na Garuba ne," ta ce. "Bai zo ya karɓa ba. Ka ɗinka wa Alidu, ya kai masa can inda yake."

Yaya, jirgin Baba gado ne, da haƙƙinka a ciki, kuma kai ne babba. Sai an sayar da shi za a sayi wancan. Ni na yarda, Mma ta yarda, Hikma matar marigayi ta yarda a madadin 'ya'yanta. Alidu ya ce ko ƙusa ba zai cire daga jirgin ba sai da izininka. Na san a cikinsa ka koyi tuƙi a gaban Baba, na san rabuwa da shi zai yi maka zafi, ni ma yana yi mini. Amma ina roƙonka don Allah ka bar maganar sabon inji.

Mma tana sa maka albarka. Zaratu da Hikma da yara suna gaishe ka. Ka gaishe mini da matarka Anti Salwa, da yaranku Rahim da Khalidu, ka ce musu gwaggonsu tana kewarsu. Abdul-Latif ma yana gaisuwa. Yanzu haka yana tsakar gida yana haɗa yadin da buhunan fulawa don ya isa, Alidu na zaune a ƙasa yana riƙe masa bakin yadin, jiya har ya nemi ƙarin tuwo. Ƙyallen ya kusa kammaluwa, jirgin da za a ɗaura masa ne babu. Na daɗe ina ce maka to, Yaya. Wannan karon taka muke jira.

Wassalam. Ƙanwarka mai yi maka addu'a kullum,

Samiratu.