Tabaraun Malama Saude

Gwaggo Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ciwon gwiwar? Yaya zaman Legas? Mu nan Tudun Wada sai godiya.

Kwalejinmu ta tura ni koyon aikin malanta wata firamare a Bungudu in zauna bayan aji in ga yadda ake koyarwa. Malama Saude ta aji uku ba ta tsawa, ba ta bulala. Da surutu ya yi yawa sai ta cire tabarau ta ajiye kan tebur, aji ya yi tsit. Kin san ni da garaje: ina ganin haka na fice in ba ƙawata labari, wai na gano sirrin.

Ranar da mai duba mu ya zo ba ni maki, na ari tabaraun Inna, ko allo ba na gani. Yara suka fara surutu, na cire na ajiye. Tsit. Har na fara hura hanci, sai wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malama, muna jira."

"Jiran me?"

"Tatsuniya mana. In an cire tabarau ita ake yi."

Shi ma mai dubawar ya ajiye biro ya gyara zama. Dole na yi musu tatsuniyarki ta kura da ɗan akuya, da rana tsaka, abin da kika hana mu.

Na dai haye. Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Kuma don Allah ki turo min wasu ta waya, don ita kaɗai na riƙe, gobe kuma ni ce da aji.

'Yarki,
Zulai