Bakfilen Ba Jirgi Ba Ne: A Wanke Sunan Malam Nasiru

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Cibiyar Jarrabawa ta Kwamfuta,
Ƙungiyar Cigaban Yankinmu, Birnin Kudu.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan kwamiti. Sunana Binta, malamar firamare ce ni a Gwaram, kuma matar marigayi Malam Nasiru, wanda ya riƙe muku na'urorin cibiya tun ranar da aka buɗe ta. Na gode da shinkafar da kuka aiko ranar sadakar uku. An dafa, an ci.

Ban daɗe da fita takaba ba. Ba na kuka yanzu, ba na jin fushi ma, ban san inda suka tafi ba. Na rubuta wannan a fili ne saboda a fili aka ɓata sunan mijina. Ga abin da na sani.

1. A ɗakin na'urorinku akwai wani akwatin ƙarfe da ake kira suwic, ba na kunna wuta ba. Duk wayoyin kwamfutocin cibiya cikinsa suke shiga. Yana da gurabe da ake zura katuna, kowane kati da kafofinsa na wayoyi, don haka idan kwamfutoci sun ƙaru sai a ƙaro kati. A can bayan akwatin kuma akwai allon da ya haɗe katunan, ta kansa duk wani saƙo yake wucewa. Sunan wannan allo bakfilen. Na san haka ne domin na sha jin bayaninsa a bakin murhu fiye da yadda na so. Nasiru yakan ce kamar mai gida ne ya yi ta ƙara ɗakuna, amma zauren yana nan ƙuntatacce yadda kakansa ya bar shi.

2. Da kuka gina zaure na biyu kuka cika shi da kwamfutoci, kun sayi katuna, kuma an gode. Nasiru ya zo taron kwamiti ya ce katunan ba za su wadatar ba sai an ƙara ƙarfin bakfilen, kuma injiniyan kamfanin da ya ƙera akwatin ne zai zo daga Legas ya saka. Ya faɗi kuɗin, ba kaɗan ba ne. A nan Ma'aji ya tambaya ko har jirgin da baƙon zai koma gida ma jama'a ce za ta biya, motar haya ta ƙare ne? Na fahimce shi. Wanda duk ya yi makaranta ya san a Turanci bak komawa ne, filen kuma jirgin sama, ga kuma an ambaci Legas. Zaure ya ɗauki dariya, kai ma ka yi, Ranka ya daɗe, kuma aka soke maganar.

3. Ba zan ɓoye nasa ba. Nasiru ya zaci wasa ake, shi ma ya yi dariya. Da ya gane da gaske ne, maimakon ya yi muku bayanin zaure da ɗakuna yadda yake yi mini, sai ya koma zuba Turanci, wanda ya ƙara tabbatar muku da cewa wani abu yake rufewa. Daga nan ya yi shiru. Haka yake, idan ransa ya ɓaci sai bakinsa ya mutu. Na ce masa ya same ka a gida bayan Magariba ku yi magana da Hausa. Ya ce ranar jarrabawa za ta yi masa bayani.

4. Ta kuwa yi, amma ba wanda ya ji da kunnen da Nasiru ya zata. Yara sun zo daga Gwaram da Wurno da Kiyako, wasu a kan babur tun da sassafe. Zaurukan biyu suka cika, aka ce a fara, kowa ya danna a lokaci guda. Tambayoyi suka tsaya cak a kan allo, agogo kuwa yana ta tafiya. Masu sa ido suka soke zaman, aka dakatar da cibiyar. Kafin La'asar labari ya zaga gari cewa Malam Nasiru ya nemi kuɗin jirgi an hana shi, shi ya sa ya kashe na'ura don ya rama. Kun dakatar da shi a gaban iyayen yara. Ba ku ce ya yi ba, amma ba ku ce bai yi ba.

5. Tun daga ranar ya zama Mai Jirgi. Muka tattara muka dawo Gwaram gidan mahaifiyarsa, ya kafa tebur a tasha yana gyaran waya. Direbobi sukan tambaye shi ƙarfe nawa zai tashi, ko akwai kujerar gaba. Yakan yi murmushi ya ci gaba da kwance wayar da ke hannunsa. Mutumin nan bai taɓa shiga jirgi ba, iyakar tafiyarsa Kaduna, a mota. Da damina ta tsaya ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Ban ce ku kuka kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma a wurin gaisuwa, ina daga cikin ɗaki, na ji wani yana kwatanta wa baƙo gidan da cewa nan ne gidan rasuwar Mai Jirgi. Ba da mugunta ya faɗa ba. Bai san wani suna ba ne.

6. Ina cikin takaba labari ya iso ni cewa kun ɗauko wani injiniya daga Kano, ya duba akwatin, ya ce a ƙara ƙarfin bakfilen. Shi ya zo da hoton bakfilen ɗin a waya ya nuna muku. Kun saya, an saka, an buɗe cibiya, yara sun yi jarrabawa lafiya a zaurukan biyu. Na yi wa yaran murna, cikinsu akwai waɗanda na koyar. Na zauna ina jiran wani ya zo ya ce mana wani abu. Babu wanda ya zo.

7. Wannan shi ne dalilin wasiƙar. Inna, mahaifiyar Nasiru, tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, ba ta san kwamfuta ba balle abin da ke bayanta. Abin da ta sani shi ne manyan gari sun zauna sun kori ɗanta, kuma a ganinta manya ba sa korar mutum haka kawai. Ta yarda ya tafi da haƙƙin 'ya'yan mutane a wuyansa. Duk ranar kasuwa takan ɗauki sandarta ta fita, tana tambayar wane ne ɗansa ya je jarrabawar nan da ta lalace. Idan an nuna mata, sai ta durƙusa ta roƙi a yafe wa Nasiru don kabarinsa ya yi sanyi. Yawanci sukan ce sun yafe. Wata mata daga Kiyako ta ce sai ta yi shawara da maigidanta. Inna ta dawo ba ta ci tuwo ba.

Na yi mata bayanin zaure da ɗakuna. Ta saurare ni har na gama, ta sa mini albarka, ta ce haka ake son mace, ta rufa wa mijinta asiri ko bayan ransa.

Saboda haka, Ranka ya daɗe, ga roƙona. Ba aiki nake nema ba, ba kuma wani abu na hannu ba. Ina roƙon kwamiti ya tara iyayen yara kamar yadda ya tara su ranar dakatarwa, a faɗa musu da Hausa cewa bakfilen allo ne a bayan akwati, cewa abin da Nasiru ya nema shi ne abin da kuka saya daga baya, kuma bai taɓa na'urar da mugun nufi ba. Ban nemi a kunyata Ma'aji ba. Kuskuren ji ne, kowa a zauren ya yi shi tare da shi.

Sannan ina roƙon kai da kanka ka zo Gwaram ka faɗa wa Inna. Daga bakin manya ta karɓi laifin, daga bakinsu kaɗai za ta ajiye shi. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ka ce mata ɗanta bai ci haƙƙin kowa ba. Idan da hali ka zo kafin ranar kasuwa, domin an gaya mata akwai wani uba a Wurno da ba ta roƙa ba tukuna, kuma ta riga ta yi magana da mai babur.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi riƙo da hannunka a kan amanar jama'a, ya sa cibiyar ta amfani 'ya'yanmu. Allah ya jiƙan Malam Nasiru da dukkan magabatanmu, ya sa idan tamu ta zo a kira mu da sunayenmu.

Wassalam.

Malama Binta,
matar marigayi Malam Nasiru,
Gwaram.