Inna Tana Azumi Kan Kunnen Da Ya Riga Ya Buɗe

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a taimaka a ɓoye sunana, akwai 'yan ofishinmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce da yara uku, ina aikin gwamnati, muna zaune a Unguwar Sarki. Tun bara waccan kunnena na hagu ya fara wata irin ƙara, in na kara waya a gefen sai in ji magana kamar daga cikin rijiya. Na ɗiga magani, an wanke kunnen, har man tafarnuwa an sa ni na zuba, shiru. Sai da jiri ya fara kayar da ni aka yi hoton kai, aka ga wani ƙari ya fito a kan jijiyar ji, can ciki. Likita ya ce ba kansa ba ce, amma gara a cire. Bai ɓoye mana komai ba, ya ce tunda ƙarin ƙarami ne za su yi ƙoƙarin kare jijiyar, sai dai kada in sa rai, mutane da yawa jin ba ya dawo musu. Aka yi tiyata, Allah ya tashi kafaɗuna, kunnen hagu kuwa ɗif, ko ganga aka buga a gefen ban sani ba.

To ga inda matsalar take. Ni 'yar fari ce. Wanda ya tashi a gidan da ake kunyar ɗan fari ya riga ya gane, 'yan zamani kuma ku tsaya in yi muku bayani. Innata mutuniyar Rigachikun ce, irin matan da. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. In da ni take sai ta ce "ke", in da mutane take sai ta ce "'yar gidan Hajiya", wato kakata da ta ɗauke ni tun ranar yaye. Ƙannena ta goya su a gaban kowa, ta yi musu tawai, ni kuwa in na gaishe ta tana amsawa tana kallon bango. Ranar aurena ma maƙwabta ta shige. Na san al'ada ce, kowa ya ce min al'ada ce, amma ba zan yi muku ƙarya ba, na girma ina zaton matar nan ba ta damu da ni ba.

Da aka sallame ni daga asibiti sai ga ta da jakarta, babu wanda ya kira ta. Ta ce wa maigidana wai ta zo ne saboda yara. Amma kullum bayan la'asar sai ta ce, "Ke, zo nan." Ta zauna a kan darduma, ta ɗora kaina a cinyarta, kunnen dama mai lafiya a ƙasa ya toshe, na hagu a sama, ta yi ta karanta addu'o'i tana tofawa. Ina jin iskar bakinta a fatata amma ba na jin komai. In ta gama sai ta ɗago ni, ta zagayo ta dama ta ce, "Har yanzu shiru?" In ce, "Har yanzu, Inna." Ta ce Allah yana nan, ta tashi. Kan nan nawa da wayona bai taɓa hawa cinyarta ba sai da ciwo ya kai shi.

Bayan wasu watanni na fara lura da wani abu. Ina kwance a kan kunnen dama sai in ji dakan maƙwabta can nesa-nesa. Ban faɗa wa kowa ba, ina tsoron kada in sa mutane murna a banza. Rannan ina kan cinyar Inna, ta gama tofi, ba ta ɗago ni ba. Sai na ji murya siririya, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Sunana ta kira. Sunana na yanka, cikakke, har sau biyu. Wallahi sai na runtse ido na ƙi motsi. Ta ce, "Ke ce kika fara mayar da ni uwa. Ranar da Hajiya ta tafi da ke bayan rumbu na je na yi kukana, kada a gani a ce ba ni da kunya." Daga nan ta ɗago ni, ta zagayo ta dama, fuskar nan a ɗaure kamar kullum, ta ce, "Har yanzu shiru?"

Na ce, "Har yanzu, Inna."

Wannan ita ce ƙaryar farko, kuma daga ranar ban daina ba. Ashe tun farkon zuwanta haka take yi, in ta gama addu'a sai ta yi hira da mataccen kunne. Ba duka nake kamawa ba, wasu kalmomin suna ɓacewa, amma abin da na tsinta ya ishe ni. Na ji cewa ranar aurena ta tagar maƙwabta ta leƙa har motar amarya ta ɓace. Na ji cewa duk kayan miya da man shanun da ake kawo min a ce daga Hajiya, ita ce take haɗawa. Na zama kamar mayya, tun azahar nake duba agogo ina jiran la'asar, mace da 'ya'yanta uku. Wata rana har ta ce, "Da kina ji, wallahi da bakina bai iya ba." Na ji wannan ma, na ci gaba da kwanciyata. Ku faɗa min in wannan ba sata ba ce.

Da muka koma asibiti da maigidana aka yi gwajin ji, likita ya yi murna, ya ce wani ɓangare na jin ya dawo, ba kowa ke samun haka ba, in aka haɗa da na'urar ji zan ƙara samun sauƙi. A mota maigida ya ɗauko waya zai yi wa Inna albishir, na riƙe hannunsa na gaya masa komai. Da farko dariya ya yi, ya ce ashe gardiya da ita ma tana son shagwaɓa. Na roƙe shi ya ba ni ɗan lokaci, ya yarda. Na'urar ma na ƙi zuwa a gwada min, don kada ta gani ta tambaya.

Abin da ban sani ba shi ne maganar azumi. Ina ganin tana yin Litinin da Alhamis, na ɗauka nafilarta ce ta tsofaffi. A kunnen nan dai na ji gaskiya, ta ce ta yi wa Allah alkawari ba za ta ajiye azumin ba sai ranar da kunnen ya buɗe. Kuma Inna tana da ciwon suga, tana shan magani. Na ji, hankalina ya tashi, na ce gobe zan faɗa. Goben ta zo, la'asar ta yi, ta kira sunana, na kasa.

Litinin ɗin nan da ta wuce tana shanya a tsakar gida jiri ya ɗebe ta, ta faɗi ta fasa leɓe. Muka kwashe ta sai asibiti, aka ce sugan ne ya sauka, likita ya hana ta azumin. Ta ce masa alkawari ta ɗauka, kuma ba da shi ta ɗauka ba. Da muka dawo maigida ya rufe ni da faɗa irin wanda bai taɓa yi min ba, ya ce son kai ne, ina shan daɗin baki tsohuwa tana biya da jininta, in ban faɗa ba shi zai faɗa. Kuma gaskiyarsa ce. Ƙanwata kuma ta kira tana kuka tana cewa Allah ya buɗe kunnen nan ko Inna ta huta, na ce amin, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na san dole azumin nan ya tsaya, ba wannan nake tambaya ba. Yadda zan faɗa ne ya gagare ni. In na ce mata yau-yau kunnen ya buɗe, na ƙara wata ƙaryar a kan uwata, kuma zan rayu ina riƙe da maganganun da ba ta san na ji ba. In kuma na faɗi gaskiya cewa na daɗe ina ji, na san halinta, ko kwana ba za ta ƙara ba, za ta haɗa jakarta ta koma Rigachikun, ƙila har ta mutu ba ta sake haɗa ido da ni ba. Ko ta wace hanya dai, na san na gama jin sunana a bakinta.

Iyaye mata na cikin zauren nan, musamman masu kunyar 'ya'yan fari, in ku ce wanne za ku fi so a yi muku? Malamai kuma, ƙaryar da zan yi don in rufa mata asiri, akwai laifi? Don Allah ku amsa min yau, gobe Alhamis, na ga ta riga ta jiƙa gero na kunun sahur.