Sakina Za Ta Koma Kan Katako

Jidda, Rajab 1420

Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam da mutanen Gyadi-Gyadi. Ni lafiya lau, aikin gidan ne dai ba ya ƙarewa.

Na samu saƙonki cewa 'yata Sakina za ta koma wasan alkafura, tunda gwamnatin farar hula ta sake kiran tsofaffin zakarun jiha. Yaya, kin san yadda bayanta ya taɓu da ta faɗo daga kan siririn katakon nan da suke alkafura a kai. Ni na yi ta juya ta a tabarma, tana kuka wai an tafi gasa ba da ita ba.

Tana neman albarkata. Na yi istihara, hankalina bai kwanta ba, amma ba zan ce an nuna mini abin da ban gani ba. Ki ce mata na sa mata albarka.

Roƙona ɗaya, ranar gasar ki zauna kusa da katakon. Fasfona yana hannun uwar ɗakina, ba za ta sake ni ba. Idan yarinyar ta sake faɗowa, ke za ki ɗaga ta.

Ƙanwarki,
Balaraba