Inna Ta Ce Kunkuru Na Share Sawun Ɗanta

Assalamu alaikum Anti Rashida. Don girman Allah ki taimake ni da shawara tun kafin aski ya zo gaban goshi, don duk wanda na fara ba labarin nan dariya yake yi, ni kuwa abin ba na dariya ba ne a wurina. Uwar mijina ta ɗaure kayanta ta ce ƙauye za ta koma, kuma in aka bi silar abin, na'urar shara ce da na shigo da ita gidan.

A Ƙauran Namoda muke zaune. Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, maigidana kuma direba ne, yana jigilar mutane da kaya daga Ƙaura zuwa Zurmi har Shinkafi. Kin san dai yadda hanyar take a shekarun nan, ba sai na ɓata miki takarda ba. Inna, wato mahaifiyarsa, ta dawo wurinmu ne daga wani ƙauye kusa da Kurya Madaro, bayan 'yan bindiga sun tashe su. Kada ki ɗauka irin labarin suruka da matar ɗa ne da kika saba ji. Wallahi ina son tsohuwar nan. Ita ta yi mani wankan jego da hannunta, ita ke goya yarana in na tafi aiki, kuma ko tsawa ba ta taɓa yi mani ba.

Matsalata ƙirji ne. Tun haihuwata ta biyu asma ta kama ni, likita ya ce in yi nesa da ƙura, in yi sallama da tsintsiya. To gidanmu bakin titi yake, manyan motoci na wucewa, ga buhunan gero da dawa da maigida kan sauke a baranda kafin masu su su zo ɗauka. Daɓen kuma tayil ne, ko ƙwayar gero ta faɗi sai ta tona mani asiri. In na yi shara in kwana ina tari. In ban yi ba Inna ta ɗauki tsintsiya, ni kuma kunya ba za ta bar ni in zauna ina kallon uwar mijina duƙe da ciwon bayanta ba.

Yayana Saminu da ke sayar da kayan lantarki a Kano shi ya tausaya ya aiko mani da na'urar. Zagayayya ce kamar murfin babbar tukunya, tana tafiya da kanta a ƙasa, ta kutsa ƙarƙashin gado da kujeru inda ko ina da lafiya ba kullum nake kaiwa ba. Tana da 'yan burusai a gefe da ke jawo datti, ita kuma ta haɗiye, ba ta tayar da ƙura sama irin na tsintsiya. In cajinta ya yi ƙasa ta koma mazauninta a jikin bango da kanta, kuma 'yar solarmu na isarta. Saminu ya ce da gangan ya zaɓo mani marar jakar tara datti, don ina zan sami jakar canji a Ƙaura? Ɗan akwatin roba ne a cikinta, garau kana ganin abin da ta tara, ka zaro ka zubar ka ɗauraye ka mayar. Anti, ban daɗe da fara amfani da ita ba na ji ƙirjina ya buɗe. Abin shaƙata da nake yawo da shi a jaka har na fara mance inda na aje shi.

Da farko Inna ma nishaɗi abin ya ba ta. Ita ta raɗa mata suna Kunkuru. In ta tunkaro ta sai ta ɗage ƙafafu tana yi mata sannu da aiki, har maƙwabta ta riƙa kira su zo su ga ikon Allah. A wancan lokacin, da la'asar nake kunna ta, in na dawo makaranta.

Sai Saminu ya nuna mani ta waya cewa ana iya sa mata lokaci ta riƙa fitowa da kanta. Na ji daɗi, na sa mata safiya, daidai bayan fitar maigida, don in dawo in tarar da gida fes. Daga nan zaman ya canza. Yau in dawo in iske Kunkuru a kife, ƙafafu sama. Gobe in same ta an rufe ta da kwando an aza dutsen niƙa. Wata rana cikin sito na tsince ta. Na ɗauka ɗiyata Anisa ce, har na zane ta, yarinya tana rantsuwa ban saurara ba. Inna kuma ta rage cin abinci, ta rage hira, sai jan carbi.

Cikin kwanakin nan ne aka buɗe wa motoci wuta wajen Moriki, har da ta maigidana. Allah ya tsare, ya juyo da mutanensa lafiya, gilashin baya kawai ya fashe. Da ƙanwarsa Bara'atu ta zo jaje, ita ta ja ni gefe ta warware mani abin da na kasa gani. Ashe a gidansu, tun zamanin da kakanninsu ke fatauci, in namiji ya yi tafiya ba a share inda ya taka sai labarin saukarsa ya iso. Ba a share sawun matafiyi. Duk safiyar da Inna ta karɓe tsintsiya daga hannuna ta jingine ta ce in bari sai rana ta ɗaga, ni ina zaton tausayin ƙirjina ne kawai, ashe jira take ɗanta ya bugo waya ya ce ya sauka. Ga shi na kawo abin da ko ƙurar motarsa ba ta kwanta ba ya fito yana lashe sawunsa tun daga ƙofar ɗaki har bakin falo. A lissafin Inna, abin da ya faru a Moriki ba shi da wani dalili sai wannan.

Nan na yi ɓaranɓarama. Maimakon in yi shiru, sai na je na zauna gabanta ina yi mata bayani cewa wannan camfi ne, shara ba ta kawo ƙaddara ba ta hana ta, har da jawo abin da malaminmu na Islamiyya ya faɗa. Ta ci gaba da jan carbinta. Washegari na ga ƙullin kayanta a bakin gado. Ta gaya wa Bara'atu wai gidan da ƙarfe ke da ta cewa ba wurin zamanta ba ne, gara ta koma ɗakinta inda tsintsiya ke jin maganarta. Ƙauyen nan kuwa rabinsa kango ne, waɗanda suka rage da ido ɗaya suke barci.

Maigida ya ce shi ba ya son dogon zance, in mayar wa Saminu kayansa a zauna lafiya. Anti, gaba kura baya sayaki. In na mayar, na koma tari da asibiti. In na riƙe, Inna ta tafi, kuma in wani abu ya same ta a can ban san da wane ido zan dubi mijina ba, ban san yadda zan yafe wa kaina ba. Yanzu dai na cire Kunkuru daga caji na tura ta ƙarƙashin gado, amma ƙullin kayan na nan ba a kwance ba. Ki gaya mani yadda zan yi.

Taki, 'Yar Bakin Titi, Ƙauran Namoda.

Wa alaikumus salam 'Yar Bakin Titi. Ni ma na yi dariya da na zo wurin kwando da dutsen niƙa, ba zan ɓoye miki ba, amma ban ƙarasa wasiƙarki da dariya ba. Ki kwantar da hankalinki. Wadda ta yi niyyar tafiya da gaske ba ta barin ƙulli a bakin gado kwana da kwanaki inda kowa zai gani. Jira take a ce mata ta zauna, kuma a faɗa yadda za ta yarda.

Ta ɓangarenki kina da gaskiya. Ciwon ƙirji ba shagwaɓa ba ne, kuma abin da ya sa kika daina kwana kina tari ba abin mayarwa Kano ba ne. Maganar da kika yi kan ƙaddara ita ma haka take, babu mai tsarewa sai Allah. Sai dai kin faɗe ta a ranar da ba ta da masauki. Matar nan an kore ta daga garinta da bindiga, ɗanta kuma kullum yana bin hanyar da aka buɗe masa wuta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ba ta iya raka shi, ba ta iya gyara hanya. Addu'a ce ta rage mata, sai wannan 'yar al'ada da ta gada, wadda take yi shiru ba ta takura wa kowa ba. Ki bar gyaran fahimta ga lokacin da hankali ya kwanta, kuma ya fito daga bakin ɗanta ko wani malami da take girmamawa.

Ki lura da abu ɗaya. Lokacin da kike kunna na'urar da la'asar, Inna sannu da aiki take yi mata. Ashe ba da Kunkuru take faɗa ba, da lokacin da kika sa mata take yi. To ki kira yayanki ya nuna miki yadda ake goge shi. Irin waɗannan na'urori suna da maɓalli a samansu da ake dannawa su tashi. Ki nuna wa Inna shi, ki ce daga yau ita ce mai ba da izini. In ɗanta ya bugo ya ce ya sauka, ta danna. Ran da layi ya ƙi, shara ta jira la'asar, ƙurar rabin yini ba za ta kayar da ke ba tunda ba tayar da ita ake yi ba. Kada dai ki kai ta bayan magariba, don tsofaffinmu da yawa ba su son sharar dare, kada ki kashe wata wutar ki kunna wata.

Sai gargaɗi kan lafiyarki. Marar jaka ta hutar da ke neman jaka, amma wurin zubar da akwatin nan ƙurar kan bugi fuska, kuma ita ce ƙurar da likita ya hana ki. Ki bar wa maigida wannan aikin. In ya zama dole ke za ki yi, ki sa takunkumi, ki fita waje, ki juye a cikin leda a hankali. In an wanke akwatin a bari ya bushe sarai kafin a mayar. Matacin ƙurar da ke ciki ki tambayi yayanki ko irin wanda ake wankewa ne ko kakkaɓewa kawai. A riƙa ɗauke zare, wayar caja da carbi daga ƙasa, kuma kada a bar ta ta bi ta kan ruwa. Tsakar gida da baranda ba aikinta ba ne, ki samo mai share muku su, ita ma bayan an ji saukar maigida.

Shi kuma maigidanki, a mayar da kaya a zauna lafiya hanya ce mai sauƙi, amma da ƙirjin matarsa zai biya. Aikinsa bai fi ya riƙa bugo wa mahaifiyarsa waya ba da zarar ya tsaya, ita ce farko kafin kowa, in da hali tun daga Zurmi. Ki gaya masa haka cikin ladabi, ki roƙe shi ya raka ki wurinta. Anisa ma tana bin ki ban haƙuri, ta sha duka kan laifin kakarta.

In kun shiga ɗakin Inna, ki durƙusa ki nemi gafarar kalmar camfi da kika jefa mata, kada ki haɗa da wani bayani. Kada ki tsorata ta da halin da ƙauye ke ciki, ta fi ki saninsa. Kada kuma ki ce ta zauna don yara ko don kada mutane su zage ku. Ki gaya mata abin da ban gani a wasiƙarki ba amma na san yana ranki, domin ke ma matar direba ce: in ya fita da safe ke ma zuciyarki ba ta zama wuri ɗaya sai kin ji muryarsa. Ki ce mata ba ki iya wannan jiran ke kaɗai. Uwa tana iya yin fushi ta bar gida, amma da wuya ta tafi ta bar wadda suke jiran mutum ɗaya tare.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyar Inna, ya tsare maigidanki da duk masu bin hanyar nan, ya dawo wa Zamfara da kwanciyar hankali.

Anti Rashida.