Agogon Da Kakanka Ba Zai Kwance Ba

Angona,

Kafin gaisuwa ga ka-cici-ka-cici, tunda an ce ka je can ka ƙaro ilimi: wane agogo ne ba ya faɗar lokaci, ba a ɗaura shi a hannu, ba a rataye shi a bango, kuma kakanka da ya kwance agogon kowa a unguwar nan ba zai taɓa kwance shi ba? Ka riƙe amsarka, kada ka leƙa ƙarshen takarda, na san halinka.

To, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da karatunka da wannan gemun da ka aiko mana a hoto, wanda na ƙirga gashinsa na samu goma sha ɗaya. Allah ya tsare min kai, ya ba ka abin da ka je nema. Mu nan lafiya lau, kuma wannan karon da gaske nake, ba irin lafiya lau ɗin da nake ce maka a waya ba.

Ka san dai kakanka ya yanke jiki ya faɗi sau biyu a shago, na biyun da agogon mutane a hannunsa. Likita ya ce zuciyarsa ce take latti, sai an sa masa wata 'yar na'ura a ƙirji mai daidaita bugu. Abin da muka ɓoye maka shi ne ya ƙi. Ya ce wa likita a ba shi ita ya buɗe bayanta tukuna. Likita ya ce a rufe take zuwa, ba a buɗewa. Shi ke nan ya ɗauki hularsa, wai shekara hamsin bai taɓa karɓar agogo bai ga cikinsa ba, ba kuwa zai fara da ƙirjinsa ba. Uwarka ta yi kuka, kawunka ya yi faɗa, ni na yi kwana uku ban yi masa magana ba, sai ma na ga kamar hutu na ba shi.

Ana nan sai gwaggonka malama ta kai 'yan ajinta gidan nan na cikin gari da ake ajiye kayan kimiyya da ƙere-ƙere. Da ta dawo ta raɗa min abin da ta gani a bene na biyu. Allah ya yafe min, washegari na ce wa kakanka na ji labari babban agogon gidan ya tsaya, an kira masu gyara har huɗu sun kasa. Can na ji yana neman jakar kayan aikinsa.

Mun je mu uku. Daga shiga sai ga agogon, tsayinsa ya yi biyun kawunka, yana ta aikinsa ƙalau. Kakanka ya duba na hannunsa, ya duba ni. Na ce masa ai jin zuwansa ya yi ya tashi. Ya juya zai fita, gwaggonka ta ce tunda an zo a ƙarasa. Muka hau wata matakala mai tafiya da kanta, ni ina riƙe da rigarsa ina salati, shi yana cewa in sake shi kada in kunyata shi. Mun wuce tsofaffin tarho, da keken ɗinki irin nawa sak wanda suka sa a gilashi wai kayan da ne, alhali jiya na yi wa uwarka ɗinki da nawa.

A ɗakin ƙarshe akwai zuciyar roba da ta fi ɗakin girkinmu girma, ana shiga ciki ana jin bugunta. Kusa da ita ga akwatin gilashi, an jera na'urorin nan tun daga ta farko, ƙatuwa kamar rediyo, har ta yanzu da ba ta kai agogon aljihu ba. Ɗaya an raba ta biyu, cikinta a waje. Kakanka ya tsaya cak. Ya zaro ɗan madubinsa ya maƙala a ido, ya manna hanci da gilashin har ya yi masa hazo. Wani dattijo mai gyaran kayan gidan ya taho zai tsawata masa, da ya ga madubin sai ya tambaye shi ko mai agogo ne. Daga nan ni da gwaggonka muka zama kujeru. Dattijon ya shiga ɗakin aikinsa ya ɗauko wata buɗaɗɗiya da ake nuna wa ɗalibai, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur ya ajiye masa.

Fiye da awa guda yana kanta. Ya tambayi wa ke murɗa ta ya ba ta wani kamar agogo, aka ce batir ne, yana shekaru, kuma likitoci na dubawa tun kafin ya yi rauni. Ya tambayi me ya sa ba ko ƙusa ɗaya a jikinta, aka ce don kada ruwan jiki ya sami hanyar shiga. Ya bi haɗin wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana neman inda aka yi ha'inci. Ni kuwa na kasa kallo, na shige cikin zuciyar robar na zauna, ina jin ta tana bugawa daidai, ina tunanin tasa da ba ta yi. A nan na goge idona, kuma in ka faɗa wa wani zan ce ƙarya kake.

Da na fito na tarar ya cire madubin yana goge shi da bakin riga. Ya ce ba laifi. Kai ka sani, wannan ita ce ƙarshen yabonsa, ni ko ranar aurenmu ban same ta ba. Ya juya ga gwaggonka ya tambaye ta wace rana likitan yake zama. A hanyar gida ne ya ce min shi tun kafin mu fito ya san ƙarya nake, don in zan yi ƙarya gyara ɗankwali nake yi. Na ce to me ya kawo jakar? Ya ce ko da wani abu.

An yi aikin ranar Talatar da ta wuce, kwana biyu aka sallame mu. Yanzu kullum da safe sai ya dafe wuyan hannunsa yana kallon agogo yana ƙirge, yana neman ya kama na'urar da latti, bai samu ba. Bakinsa ma ya dawo, har na fara tunanin ko likita zai iya rage mata gudu. Ka daina ramewa, ka ci abinci, ka yi karatunka.

Uwarka na gaishe ka, da kawunka, da gwaggonka da ta ce rabin ladan nata ne, da Auta da ta gaje gadonka. Ka gaida abokin ɗakinka mai amsa min waya da ladabi, ka koya a wurinsa. Kakanka ya ce kada ka bari kowa ya taɓa agogon da ya ba ka.

Taka har kullum, amaryarka mai furfura.

Amsar kuwa tana saman ƙirjin kakanka ta hagu, ƙarƙashin fata, tana bugawa sau sittin a minti ɗaya.