Na Toshe wa Yis Hanci

Daren Laraba, 9 ga Sha'aban

Yau na yi wa 'yata Hadiza ɓarna. Aikinta na kammala jami'a kiwon yis ne, irin ƙwayar da ke kumbura burodi, a ruwan da ake tacewa in an yi cuku. Wai yis ɗin yana cin sukarin nonon ya hayayyafa, kamfani ya mai da shi abincin kaji. Har rugar Tabanni ta je neman ruwan, kuma Litinin za ta kai wa malaminta Zariya.

Da safe na tarar da kwalabenta na kiwon yis ɗin an toshe su da auduga kawai. Ni kuwa, farfesan aji huɗu na firamare, na ce wannan sakaci ne. Na cire audugar, na murɗa musu murafe tam. Ashe abin numfashi yake yi! Kafin la'asar, kwalabe biyu sun fashe, sauran sun lalace.

Na ce, "Wannan aikin kyanwa ne."

Ta ce, "Baba, yaushe kyanwa ta koyi murɗa murfi?"

Na jira ta yi dariya, ba ta yi ba. Ta durƙusa tana tsince fasassun kwalaben, ta ce, "Matsa baya, Baba, ba ka da takalmi."

Wallahi da fushi ta yi, da tuni na yi barci.